Muryata ta dishe tun babbar Sallah, har yau ba ta dawo ba

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ni malama ce, da safe firamare, da yamma Islamiyya. Tun bayan babbar Sallah muryata ta dishe, ga shi har hunturu ya shigo ba ta dawo ba. Da safe da dama-dama, amma kafin a fita tara ta fara shaƙewa, in La'asar ta yi kuwa sai dai in riƙa yi wa yara nuni da hannu. Ba zazzaɓi, ba mura, ba wani ciwon kirki. Sai dai ina jin kamar wani abu ya tokare mini maƙogwaro, kullum cikin gyaran murya nake. Citta da zuma na sha har na gaji, Tom Tom kuwa leda-leda. Wa ya taɓa fama da irin wannan?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Sannu 'yata. Ba ki haɗa daidai ba ne. Ki daka citta da kanumfari da masoro, ki tafasa, ki matsa lemon tsami, ki zuba zuma, sannan ki jefa ɗan guntun jar kanwa. Safe da dare. Kuma ki yi bankwana da ruwan firji. 'Yan matan yanzu ku dawo daga rana ku kwankwaɗi ƙanƙara, yaya murya ba za ta mutu ba?

Mai Kemis: Anti, ƙwayar cuta ce ta zauna miki. Ki sayi Ampiclox na kwana biyar, ki haɗa da dexa, maganin nan mai sace kumburi. Masu wa'azi da 'yan waƙen biki duk shi suke zuwa nema a wurina, kwana biyu murya ta dawo ras.

Ɗan Dattijo: A duba mata beli. Ƙanwata haka ta yi ta fama, aka kira wanzami ya cire, shi ke nan.

Maman Hanifa: Na gode Hajiya. Ruwan sanyi dai na bari tuntuni. Mai Kemis, Ampiclox ɗin ma na sha, ban ga canji ba. Belin kuma tun ina jaririya aka cire mini, in ji Innarmu.

Ɗan Dattijo: To ai yana iya tsirowa.

Likitan Maƙogwaro: Assalamu alaikum. An jawo hankalina kan wannan zancen. Ɗan Dattijo, ka yi haƙuri da kai zan fara, saboda shawararka ce za a iya aiwatarwa gobe da safe kuma ba ta gyaruwa. Beli yana can sama ne a ƙarshen ganɗa, inda kake hango shi in ka buɗe baki gaban madubi. Murya kuwa a ƙasa ake yin ta, daidai bayan zakaran wuya, wurin da ido ba ya kaiwa. Ko an yanke beli sau goma ba a taɓa inda matsalar take ba. Abin da muke gani bayan aikin wanzami shi ne zubar jini, da ruɓewar wurin, wani lokaci har da sarƙe-haƙora ko ciwon hanta in ƙarfen bai da tsabta.

Yanzu Malama. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu, tsawon kowanne bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba. In za ki yi numfashi sai su buɗe, in za ki yi magana sai su haɗu, iska ta bi ta tsakaninsu ta kaɗa su. A wurin mace suna bugun juna kamar sau 200 a daƙiƙa ɗaya, namiji kamar rabin haka. Ki lissafa: awa ɗaya ta magana ba tsayawa ta haura bugu 700,000. To ke kina yi ne da ƙarfi, a aji cike da yara, safe da yamma. Duk abin da ya kumbura tantanin nan, ko ya tsiro a kansu, ko ya hana ɗaya motsi, murya za ta dishe.

Dishewar da ke zuwa tare da mura daban ce, mako ɗaya ko biyu ta wuce da kanta. Wadda ta haura mako 3 ita muke kira mai naci, kuma ba cuta ɗaya ba ce. Alama ce da abubuwa da yawa ke haifarwa: wahalar da murya, hayaƙin taba ko shisha ko na itace, ruwan tsamin ciki da ke tasowa, majinar da ke gangarowa ta bayan hanci, tarin tibi, maƙoƙo, wasu magunguna, da kuma ciwon daji. A kunne duk iri ɗaya suke. Ni da nake wannan aikin ba zan saurari muryarki in rantse miki da wanne ne ba. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sabunta a 2018 ta ce in dishewa ta kai mako 4 ba sauƙi, a leƙa maƙogwaron da ido. A da har wata 3 suke ba da dama, suka ga jinkirin ya yi yawa suka rage. Ƙa'idar ta kuma hana a rubuta wa mutum maganin ƙwayoyin cuta ko irin su dexa haka kawai ba a duba ba.

Taki ta yi watanni. Ki je a duba.

Alhaji Na Kwari: Likita ranka ya daɗe, ku matsalarku kenan. Baiwar Allah ta ce muryarta ta dishe, kai har ka kai mu ciwon daji. Mu a kasuwa kullum cikin ihu muke, murya ta tafi ta dawo, ba wanda ya mutu. Iyayenmu da citta da kanwa suka rayu har suka tsufa. Yanzu ta je asibiti a ce yanki kati, dawo gobe, likita ya tafi taro, je ki yi hoto, kawo kaza. Albashin malamar firamare nawa ne?

Hajiya Babba: Faɗa musu dai Alhaji.

Likitan Maƙogwaro: Alhaji, maganar wahalar asibiti gaskiyarka ce, ba zan yi musu ba. Amma kai da bakinka ka ce taku tana tafiya tana dawowa. Tata ba ta dawo ba, bambancin kenan. Kuma ban ce daji ne da ita ba. Mace mai ƙuruciya, malama, ba ta shan taba, muryar da ke lalacewa da yamma: abin da na fi zato shi ne 'yan ƙulluttai a bakin tantanin, irin kantar da fartanya ke fitar wa manomi a tafin hannu. Wannan ba ya kisa, kuma yawanci ba a ma yi masa aiki. Amma zato ne. Kuɗin da ta riga ta zuba a kemis da wurin mai zuma tun Sallah, in aka tara, ina kyautata zaton ya isa a leƙa mata.

Basakkwace: Alhaji ka ce ba wanda ya mutu. Bari in ba ka labarin tsohonmu, Allah shi jiƙan shi. Direban babbar mota ne, ya sha taba shekaru masu yawa kahin shi bari. Muryarshi ta dishe munka ce sanyi na. Anka yi citta, anka yi allurai, anka yi rubutu. Da abin ya wuce shekara sai 'yan uwa sunka ce wani abokin aikinshi ne ya ɗaure mai murya, don sun taɓa rigima kan lodi. Munka koma bin malamai. Sai da dare guda numfashi ya fara yi mai ƙara kamar ana busa usur, munka kwashe shi sai asibiti. Nan take anka huda mai wuya anka sa bututu. Ni nike wanke bututun nan kullum da ɗan buroshi da ruwan gishiri, in ya toshe da kaki sai ka ga idonshi ya firfito yana bugun katifa da hannu. In zai yi magana sai shi ɗora yatsa bisa ramin, kalma biyu ta fito, shi ɗauke shi ja iska. Daga baya ma sai allon yara ya koma rubuta muna abin da shike so. Likitan ya tambaye mu tun yaushe murya ta canza, da munka faɗa mai sai ya yi shiru, ya ce daji na, da a watannin farko munka zo, da gashin na'ura kawai za a yi mai, da wuya ma a taɓa shi da wuƙa.

Maman Hanifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba ya sa can ta fi nan. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Alhaji Na Kwari: Allah ya gafarta masa. Amma ɗan'uwa, kwana ne ya ƙare. Kuma kai ka ce yana shan taba, Malama ba ta sha.

Likitan Maƙogwaro: Allah ya yi masa rahama. Abin da likitan nan ya faɗa haka yake. Dajin da ke fitowa a kan tantanin murya yana da wani hali da yawancin sauran ba su da shi: tun yana ɗan mitsitsi yake tona kansa, domin ƙaramin abu a wurin ya isa ya ɓata murya. In aka kama shi a wannan matakin, kusan 9 cikin 10 suna warkewa, kuma da muryarsu. A Ingila, wanda ya kai shekara 45 muryarsa ta dishe ba dalili ta ƙi dawowa, takardar gaggawa ake ba shi zuwa wurin ƙwararru. Mu a nan yawanci sai numfashi ya fara gagara ake kawo mana su.

Tunda an zo nan, ga waɗanda ba sa jiran mako 4 ɗin ma: mai shan taba ko giya, wanda numfashinsa ke ƙara ko yake wahala, mai tofar da jini, wanda haɗiya ke masa zafi ko abinci ke maƙale masa, mai ƙullutu a wuya, mai ramewa ba dalili, da mai ciwon kunne ɓangare ɗaya alhali an duba kunnen lafiya lau.

Abu Sumayya: Ina so in ce wani abu kan zancen ɗaure murya, domin na san akwai masu karantawa da abin ke ransu. Sihiri gaskiya ne, hassada gaskiya ce, ba mai musun wannan. Amma wa ya ce mai yin addu'a ba ya zuwa asibiti? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Ka yi azkar ɗinka, ka yi tofi, ka tashi ka yanki kati. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke saurin ɗora wa wani bawan Allah laifi. Ladani ya dishe, sai a ce na'ibinsa ne. Zumunci ya lalace, ciwo kuma yana nan yana girma.

Alaramma Mai Jan Baƙi: Allah ya saka Malam. Likita ga tawa. Ni ina jan baƙi a tafsiri, kuma ina limancin tahajjud a goman ƙarshe. Duk shekara daga tsakiyar azumi muryata take fara kaushi, kuma ni akasin Malama ne: da asuba ta fi muni, sai na yi ta kakari kafin ta buɗe, bakina da ɗaci. Bana har bayan Sallah da daɗewa ba ta koma daidai ba. Gaskiya dexa ɗin da Mai Kemis ya ambata muna sha, in dare ya matse ba yadda za ka yi, jama'a sun cika masallaci.

Likitan Maƙogwaro: Allah gafarta Malam, me kake ci da sahur, kuma bayan sallar Asuba me kake yi?

Alaramma Mai Jan Baƙi: Abin da ya samu. Ɗumamen tuwo ko shinkafa da mai da yaji, sai shayi mai kauri. In an idar da salla in kwanta har hantsi.

Likitan Maƙogwaro: To ka ba ni rabin amsar. Ciki cike, ga mai ga yaji ga shayi, sannan a miƙe a kwanta. Ruwan tsamin ciki sai ya biyo hanyar abinci ya hauro har maƙogwaro. Tumbi an halicce shi da jure wannan ruwan, maƙogwaro kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi. Da yawa masu wannan matsalar ba sa ma jin ƙwannafi, sai dai ɗacin baki da safe, kaki, yawan gyaran murya, da jin abu ya tsaya a wuya. Ga shi kuma ka wuni ba ruwa, tantanin a bushe, sannan ka tsaya ka ja izu biyu ko uku da ƙarfi.

Abin yi ba mai tsada ba ne. A bar aƙalla awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. A azumi na san da wuya, to a rage nauyin sahur, a rage mai da yaji, a zauna karatu har rana ta fito maimakon komawa shimfiɗa. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, kamar santimita 15. Tara filo ba ya yi, lanƙwasa ciki kawai yake ya ƙara matso ruwan. Ruwan sha kuma a rarraba shi daga buɗa-baki zuwa sahur, kada a ɗura shi lokaci ɗaya. Kuma a bar lasifika ta yi aikinta. Ina mamakin alarammomi, makirfo na bakinsu amma suna karatu kamar babu shi.

Dexa kuwa ina roƙonka ka bari. Abin da yake yi shi ne ya sace kumburin na ɗan lokaci, sai ka ji kamar ka warke, ka ƙara buɗe murya a kan nama mai rauni. Ta haka ƙaramar jijiya ke fashewa a cikin tantanin, mutum yana tsakiyar aya murya ta ɗauke ɗif. Bayan haka yana tayar da suga da hawan jini, yana cin ƙashi in an daɗe, kuma in tibi ce a ɓoye sai ya buɗe mata hanya.

Mai Kemis: Likita, mu fa mutum ke zuwa da kuɗinsa ya ce ga abin da yake so. In na hana shi, shagon gaba zai shiga. Kuma ku ma ai kuna rubuta shi. To shi Alaramma sai in ba shi omeprazole kenan, tunda ka ce tsamin ciki ne?

Likitan Maƙogwaro: Muna rubuta shi, bayan mun leƙa mun ga abin da ke wurin, na 'yan kwanaki, da sharaɗin mutum ya yi shiru. Omeprazole kuma yana da amfani in tsamin cikin ne da gaske, a sha shi kamar minti 30 kafin karin kumallo, kuma sai an yi wata 2 zuwa 3 kafin maƙogwaro ya nuna. Ka ga haɗarin? In ka ba mai daji ko mai tibi, ka ce ya jira wata 3, ka cinye masa lokacin da ya fi buƙata. Alaramma shi ma tasa ta wuce wa'adi, a leƙa tukuna. Kai kuma taimakon da za ka yi wa jama'a ɗaya ne: duk wanda ya zo neman maganin murya ka tambaye shi tun yaushe. In ya ce wata guda, ka nuna masa hanya.

Anti Nas: Ni a ɗakin masu tarin tibi nake aiki, bari in ƙara a kan abin da Likita ya taɓo. Tibi tana kama maƙogwaro, kuma irin wannan tana cikin masu saurin yaɗuwa, domin a bakin hanyar iska take. In dishewa ta haɗu da tarin da ya wuce mako 2, zufar dare, zazzaɓin yamma ko ramewa, a kawo kaki. Gwajin kakin da ake kira GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin ma kyauta, wata 6 ake sha. Malama, ba na ce ita ce da ke ba, amma ke da kike tsaye gaban yara kullum, in da tari ko kaɗan ki faɗa wa likita.

Maman Hanifa: Anti babu tari alhamdu lillahi, ƙiba ma nake yi. Likita, to kafin in samu zuwa, in koma yin raɗa ne a gida don muryar ta huta? Haka nake yi kwanan nan.

Likitan Maƙogwaro: A'a, raɗar dole ita ma matse maƙogwaro take yi. Ki yi magana a hankali da muryarki ta ainihi, kamar mutum na zaune kusa da ke, ko ki yi shiru gaba ɗaya. Gyaran muryar nan ma ki yi ƙoƙarin dainawa, duk “ehem” ɗaya mari ne tantanin ke yi wa juna. In kin ji abin ya taso ki kurɓi ruwa ki haɗiye. Alewa mai sanyin mantaleta daɗi kawai take yi, tana ƙara busar da wuya. Surace da ruwan zafi zalla yana taimakawa, musamman yanzu da hazo, ba sai kin zuba Robb ba.

A aji ne babban aikin yake. Ki samu 'yar lasifikar nan mai caji da ake ratayawa a ƙugu. Ki daina tsawatar da yara da murya, ki samu ƙararrawa ko ki buga tebur. A Islamiyya kada ki riƙa biya hadda tare da su daga farko har ƙarshe, ki ja sau ɗaya, ki sa babba a cikinsu ya ci gaba da ja musu. Kada ki yi magana kina fuskantar allo, ƙurar alli kike shaƙa kuma sai kin ɗaga murya kafin na baya su ji.

Hajiya Babba: Wato duk abin da na faɗa babu na ɗauka kenan?

Likitan Maƙogwaro: Haba Hajiya, wane ni. Zuma da ruwan ɗumi suna laushi ga maƙogwaro, ni ma ina sha. Citta kaɗan ba laifi. Lemon tsami da masoro ne nake jin tsoro ga mai tsamin ciki, ƙara masa suke. Kanwa tana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, shi ya sa mutane suka yarda da ita, amma gishiri ce mai nauyi, mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya kiyaye ta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ruwan sanyi kuma, ki yafe mini, ba shi ke riƙe murya wata biyar ba. Rashin shan ruwan ma ya fi shi ɓarna.

Hajiya Babba: Hmm. Na ji. Amma ruwan firji dai ban yarda da shi ba.

Malamin Tarihi: Ku ba ni minti ɗaya. Wanda ya shahara da fara ganin tantanin muryarsa suna motsi ba likita ba ne, malamin koyar da waƙa ne ɗan Sifaniya, Manuel Garcia, a 1854, da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. Sannan Sarkin Jamus Frederick na Uku, muryarsa ta dishe a farkon 1887, likitocin Jamus suka ce daji ne, wani ƙwararre da aka ɗauko daga Ingila ya ce ba shi ba ne, aka yi ta ja-in-ja. Ya hau gadon sarauta a 1888 da bututu a wuya, ba ya iya magana, kwana 99 ya yi ya rasu.

Alhaji Na Kwari: Ka ji ko? Sarki guda da likitoci jingim bai tsira ba, sai ku ce mu je asibiti.

Basakkwace: Alhaji kai dai ba a kada ka.

Uwar Biyu: Likita ni tambayata kan turaren wuta ce. Ina sayarwa, kullum cikin gwada shi nake a ɗaki. Ga maganin hawan jini da nake sha, lisinopril, tun da na fara nake wani busasshen tari, muryata ta yi kauri har a waya ana ce mini Alhaji.

Likitan Maƙogwaro: Hajiya kin haɗa biyu. Lisinopril da danginsa sanannu ne da busasshen tari, kamar mutum 1 cikin 10 ke samu, tarin kuma shi ke dukan tantanin. Kada ki daina da kanki, ki koma wurin wanda ya rubuta miki ya canza wani. Turare kuma hayaƙi ne komai ƙamshinsa, ki riƙa gwadawa a tsakar gida. Murya mai kauri ga mace tana sa mu duba ƙwayar wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, domin in ta yi sanyin aiki murya na kauri, jiki ya mutu, ga jin sanyi. Gwajin jini ne kawai.

Tunda an zo kan magunguna: masu asma da ke shaƙar inhela mai sinadarin rage kumburi, ku riƙa kurkure baki da maƙogwaro bayan kowace shaƙa, in ba haka ba farin nan irin na bakin jarirai yana fitowa har kan tantanin. Wadda aka yi wa aikin maƙoƙo kuma ta farka da murya a dishe, mai yiwuwa jijiyar da ke motsa tantanin ce ta taɓu, ita ma akwai abin da ake yi mata.

Maman Hanifa: 'Yan uwa na dawo da bayani. Na je an duba. Ga masu tsoro irina: ba a sa ni barci ba, ba a yanka komai ba. An fesa mini wani magani mai ɗaci a hanci, aka zura wani siririn bututu baƙi mai fitila a bakinsa ta hancin, bai kai kaurin biro ba. Ƙwalla ta zubo mini, na ji kamar zan yi atishawa, iyakarta kenan. Ya ce in ce “iiii”, sai ga su a talabijin, farare guda biyu suna haɗuwa suna rabuwa, kowanne da ɗan tudu a tsakiya suna kallon juna, sun hana wurin rufuwa. Ya ce ƙulluttan malamai ne, da ɗan ja a baya alamar tsamin ciki. Ba aiki. An haɗa ni da mai koyar da motsa murya, an ce in ba shi wata 2 zuwa 3. Abin dariya, atisayen har da hura iska ta tsinken shan lemo a cikin kofin ruwa, yarana sai kallona suke. Hedimasta ya yarda an rage mini darasi, Islamiyyar ce dai har yanzu muke kai ruwa rana.

Abu Sumayya: Alhamdu lillah. Islamiyya su nemo mataimakiya, in kin rasa muryar gaba ɗaya ai dole su nemo.

Alaramma Mai Jan Baƙi: Allah ya ƙara sauƙi Malama. Likita, mu da muke wajen Kano ina za mu dosa?

Likitan Maƙogwaro: Ka nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, sannan akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, ita ma tana duba maƙogwaro. Ka fara karɓar takardar turawa daga asibitin da ke kusa da kai, ta fi saurin shigar da kai. Kada ka bari sai Sha'aban.

Amaryar Gwaggo: Don Allah Likita kafin ka sauka. Ɗana shekararsa uku, muryarsa a dishe take tun wajen yaye, kukansa ma ba ya fita sosai. Kakarsa ta ce gado ne, haka babansa ya yi. An ce asma ce an ba mu magani ba canji. Kwanan nan in yana barci ina jin wani sauti kamar fito in ya ja numfashi, nan ƙasan wuyansa yana lotsawa.

Hajiya Babba: Subhanallah. Wannan kam ba na citta ba ne.

Likitan Maƙogwaro: 'Yar'uwa, ki ajiye wayar ki nemi babansa yanzu. Yara masu yawan ihu suna yin ƙulluttai irin na Malama, amma waɗannan ba sa hana numfashi. Dishewar da ta daɗe tana ƙaruwa a ƙaramin yaro, ga ƙara wajen jan iska, ga wuya na lotsawa, tana sa mu tunanin wasu tsiro masu kama da kaushin fata da wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke haifarwa a maƙogwaro. Sau da yawa ana ɗaukarsu asma. Ba daji ba ne, ana cire su, ko da yake suna dawowa a sake cirewa, amma suna iya toshe hanyar iska. Ku tafi sashen gaggawa na yara a babban asibiti yau, ba asibitin unguwa ba, kada ku jira ranar ganin likita. In kin samu dama ki ɗauki bidiyon numfashinsa yana barci ki nuna musu. Kada a ba shi maganin tari mai sa barci, kada a yi masa surace, kada kowa ya sa masa yatsa ko cokali a maƙogwaro. A hanya ki riƙe shi a zaune a cinyarki.

Amaryar Gwaggo: To Likita. Babansa yana kasuwa, na kira shi ya ce ga shi nan da mai adaidaita.